Laftof siririya za ta iya ɗaukar MATLAB da Simulink kuwa?

Ummi Lantarki: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Ina aji huɗu a sashen injiniyan lantarki, an riga an raba mana malaman da za su duba furojet. Nawa a kan inbata ta sola ne, kuma malamin ya ce kusan duk aikin a Simulink za a yi shi, wato sashen manhajar lissafi ta MATLAB da ake kwaikwayon aikin inji a ciki, sai zanen da'ira a Proteus. Laftof ɗin da ke hannuna ta yayana ce, tsohuwa, ita da cajarta sun kai kilo uku, batirinta kuma ya mutu. Baba ya yarda zai saya min wata. Ni siririya nake so wadda zan iya yawo da ita daga hostel zuwa aji zuwa laburare, amma 'yan ajinmu sun tsorata ni, wai in ba irin ta masu gem na saya ba, kuɗin Baba zan zubar. Haka ne?

Yaro Mai Gem: Wa alaikumus salam. 'Yan ajinku gaskiya suka faɗa miki. Ki sayi mai katin hoto na NVIDIA kawai ki huta. Siraran nan na 'yan ofis ne, aikinsu rubuta wasiƙa da kallon YouTube.

Abban Sadik: MacBook Air ce maganinki, ƙanwata. Wadda ta fito da M1 tun 2020 nauyinta kilo 1.29 ne, ba ta da fanka balle ta dame ki da ƙara, batirinta kuma yana kai mutum yamma. MATLAB ma tun daga R2023b yana da nau'in da aka yi wa furosesan Apple musamman. Ni da ita nake aiki, ban taɓa da-na-sani ba.

Anti Injiniya: Ku dakata tukuna, kowa yana ta tallan abin da ke hannunsa, ba wanda ya karanta abin da yarinyar ta rubuta. Ta ce Proteus. Proteus a Windows kaɗai yake aiki. Ummi, kafin ki saurari kowa, ki samu malaminki da waɗanda suka gama furojet bara a sashenku, ki rubuto duk manhajar da za ki taɓa daga nan har ki yi difens. Daga wannan jerin ake fara zaɓen kwamfuta, ba daga kanti ba.

Ummi Lantarki: To Anti. Abin da na sani yanzu: MATLAB da Simulink, Proteus, Arduino, sai kuma wani kwas da aka ce za mu taɓa ETAP, manhajar nazarin layukan wutar lantarki.

Anti Injiniya: Ka gani ko, Abban Sadik? ETAP ma na Windows ne. Biyu daga cikin huɗu ke nan.

Abban Sadik: Ai akwai Parallels, Anti, manhajar da ke gudanar da Windows a kan Mac. Sai ta sa Windows a ciki.

Anti Injiniya: Akwai shi, amma ka faɗa mata sauran zancen. Mac ɗin da ke da M1 zuwa sama ba ta da Boot Camp, hanyar da ake ɗora Windows kai tsaye a tsofaffin Mac. Windows ɗin da zai hau ta Parallels na irin furosesan ARM ne, ba na Intel ba, shi kuma sai ya riƙa fassara manhajojin da aka rubuta wa Intel kafin su yi aiki. Wasu suna tafiya lafiya, wasu su tsaya tun wajen sakawa, direbobin na'urorin da ake jonawa ta USB kuma su ne suka fi ba da wahala. Sannan Parallels ɗin kuɗi ne, RAM ɗin kuma a raba shi gida biyu. Kai da ka saba za ka iya kwana kana lalube har ka gano bakin zaren. Yarinyar da ke da wata huɗu ta miƙa furojet, ranar da abu ya ƙi, duk ajinsu babu mai irin kwamfutarta da za ta tambaya. Ban ce Mac ba ta da kyau ba. Ba ta wannan aikin ba ce.

Abban Sadik: Na ji wannan. Amma dai in MATLAB da Python kaɗai mutum zai yi, ina nan a kan bakata.

Anti Injiniya: A nan ba mu da saɓani.

Yaro Mai Gem: Shi ke nan an dawo maganata. Windows, mai katin hoto.

Malam Na Lissafi: Assalamu alaikum. Ɗana Mai Gem, bari in tambaye ka, katin NVIDIA ɗin nan wane aiki zai yi mata a Simulink?

Yaro Mai Gem: Zai ƙara sauri mana, Malam. Ai shi ne ƙarfin kwamfuta.

Malam Na Lissafi: A gem haka ne. A nan ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren yana cin kuɗin iyaye duk shekara, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

MATLAB ba ya taɓa katin hoto wajen lissafi sai in kai ka umarce shi. Sai kana da Parallel Computing Toolbox, ka ɗauki bayananka ka mayar da su gpuArray, wato ka tura su kan katin, ko kuma kana horar da ƙirar koyon na'ura mai zurfi. A nan kam katin NVIDIA ake buƙata, domin da CUDA, fasahar lissafi ta NVIDIA, yake aiki. Amma abin da Ummi za ta yi daban ne. Simulink yana warware lissafin da'ira ne taki bayan taki: sai ya san abin da ya faru a wannan ɗan lokacin kafin ya lissafa na gaba. Irin wannan aikin ba ya rabuwa, galibinsa a kan ƙwayar furosesa guda ɗaya yake tafiya, wato ɗaya daga cikin sassan da ke lissafi a cikin furosesa. Katin hoto yana zaune ba ya komai, sai cin batir da ƙara wa jaka nauyi.

Ummi, ga abin da zai same ki. Inbatarki za ta riƙa kunnawa da kashewa, a ce sau 10,000 a daƙiƙa. Don Simulink ya ga wannan da kyau, za ki sa takin lissafi wajen kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ma'ana daƙiƙa ɗaya ta rayuwar inbatar, taki miliyan ɗaya ne a kwamfuta. In kika ce sai kin ga abin da zai faru daga safe zuwa yamma da wannan takin, babu laftof ɗin da za ta gama miki, ko ta nawa ce. Abin da ake yi shi ne a raba aikin: ƙira mai kunnawa da kashewa a gudanar da ita na rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya don a ga siffar wutar, sannan a yi wata ƙirar ta matsakaicin ƙima don dogon lokaci. In Simulink ɗinki yana da tubalin powergui mai saita lissafin lantarki, ki zaɓi Discrete a cikinsa. Ki gwada Accelerator maimakon Normal. Kuma kada ki jona Scope, tubalin da ke zana sigina a allo, a kowace waya kina adana komai, domin kowace lamba bayit 8 ce, sigina ɗaya mai maki miliyan ya ci MB 8, in kika tara talatin kika tsawaita lokaci sai ki ga RAM ya cika ba ki san dalili ba.

Ɗaliban da ke zuwa min da kukan kwamfuta ta yi musu kaɗan, mafi yawansu ƙirar ce ke buƙatar gyara.

Ummi Lantarki: Allah ya saka da alheri, Malam. Na kwafe wannan na ajiye. To ke nan me zan duba a jikin laftof ɗin?

Malam Na Lissafi: RAM na farko, GB 16. MathWorks, kamfanin da ya yi MATLAB, da kansu a sababbin fitowar nan 8 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, 16 kuma shi suka ba da shawara. Sai SSD, kada ki karɓi mai tsohon faifai mai juyawa. Sai furosesa mai ƙwaya huɗu zuwa sama. Sauran bayanin kasuwa na bar wa Mai Gyara, ya fi ni sani.

Baban Amira: Malam, a yi min afuwa, amma ni da GB 8 na gama digirina kuma MATLAB bai taɓa ƙi ba. Kada a ɗora wa iyaye abin da ba dole ba. Kowa ya san halin da ake ciki.

Malam Na Lissafi: Maganarka tana kan hanya, Baban Amira, kuma da 8 ɗin za ta iya gamawa. Sai dai Windows 11 da burauza mai shafuka goma a buɗe sun cinye kusan rabinsa kafin a buɗe MATLAB. RAM kamar teburin tela ne: in ya yi ƙanƙanta ɗinki ba ya tsayawa, amma rabin lokacin a ninke yadi da sauke shi ƙasa da ɗauko shi yake tafiya. Haka kwamfuta ke yi, in RAM ya cika sai ta koma ajiye abubuwa a SSD, shi ne za ka ga ko linzami ya daina motsi. Ga lissafi mai sauƙi: matiriks mai layi 10,000 da ginshiƙi 10,000 MB 800 yake ci. Ka ninka biyu irinsa ka ajiye amsar, ka tashi da GB 2.4. In ka ninka girman gefen sau biyu, wurin da zai ci ya ninku sau huɗu, lokacin lissafin kuma kusan sau takwas. Don haka in kuɗi bai kai ba, a sayi mai 8, amma wadda za a iya ƙara mata daga baya.

Mai Gyara: Yauwa, Malam ya kawo ni inda nake jira. Salamu alaikum jama'a, yanzu na rufe shago.

Hajiya Ummi, a wajen siraran laftof ba a nan gizo ke saƙar ba, wato ba a nauyi ba. A RAM ne da aka like a jikin bod. Don su rage kauri, kamfanoni da yawa sun daina sa gurbin da ake zare RAM a sa wani. In kika sayi mai 8 a like, da 8 za ta mutu. ThinkPad X1 Carbon misali, kyakkyawa ce, kilo ɗaya da ɗan kai, amma RAM ɗinta a like yake. MacBook ma haka. T480s kuma rabi da rabi ce, ɗaya a like, gurbi ɗaya a buɗe. T480 mai gurbi biyu ce, HP EliteBook 840 G5 ma biyu, dukansu nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi, rabin abin da kike ɗauka yanzu. Su ne na hannu da suka cika kasuwa, kayan gyaransu kuma ba sa wahalar samu.

Na biyu, kada rubutun i7 ya ruɗe ki. Kullum sai an zo min da wannan. Core i7-7500U ƙwaya biyu gare shi. Core i5-8250U ƙwaya huɗu. Wato i5 na zubi na takwas ya fi i7 na zubi na bakwai a irin waɗannan siraran, amma mai saye yana ganin 7 ya fi 5 sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki mara ƙarfin. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, daga zubi na goma kuma lambobi biyun farko ne. Ki tsaya daga 8 zuwa sama. Akwai ma wani dalilin: Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas yake farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025.

Na uku, akwai wasu sababbi fil a kwali, sirara, masu kyan launi, da araha. In kika ga Celeron, RAM 4, ma'ajiya 64, ki ajiye musu kayansu. MATLAB kaɗai yana cin GB 4 zuwa 6 a sakawa ta yau da kullum, in aka saka komai da komai ya haura 20.

Ummi Lantarki: Wallahi irin wannan ta ukun na gani a wani shago har na ɗauki hotonta na tura wa Baba. Allah ya kiyaye.

Baban Amira: Mai Gyara, in an je saye ta hannu, ta yaya mutum zai gane batirin? Kowa cewa yake awa shida.

Mai Gyara: Kada ka tambayi mai kaya, ka tambayi kwamfutar. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da takarda, ka duba Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko abin da batirin yake ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake ɗauka yau. In na biyun ya sauko rabi, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Sannan ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna Memory, a ƙasa za ka ga gurbi nawa aka yi amfani da su. Wani lokacin yana nuna gurbi alhali a like yake, don haka in mai kaya ya yarda a kwance bayanta ka gani da idonka ya fi. Ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS. Ka danna kowane maɓalli. Minti ashirin ne, kuma mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Yaro Mai Gem: Duk na ji, amma ba wanda ya yi maganar zafi. Siririya in ta ɗauki aiki minti goma sai ta koma tafiyar kunkuru. Wannan kam ba wanda zai musa min.

Mai Gyara: A nan ka yi gaskiya, ƙanena. Furosesan da lambarsa ta ƙare da U an yi shi ne a kan wat 15, mai H kuma wat 45. Mai U yana iya zabura na ɗan lokaci, in zafi ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mu kuma nan a watan Afrilu iskar ɗaki kanta ta haura 40, alhali Apple misali 35 suka rubuta a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da laftof ɗinsu. Ga ƙurar hunturu. In na buɗe laftof a watan Maris, abin da nake cirowa tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar auduga yake, ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Mai ita yana ta zargin bairos.

Abin yi: kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, a ɗaga bayanta da ɗan littafi iska ta shiga, a kai a busa fankar bayan hunturu, in ta hannu ce a canza man sanyaya da ke kan furosesa tun ranar da aka saya. Dogon aiki a bar shi sai dare ko bayan asuba. Da wannan, aikin da babbar za ta gama a minti shida, siririyar ta gama a goma. Jira ne, ba gagara ba.

Anti Injiniya: Kuma Mai Gem, ka faɗi naka gefen. Cajar irin taku wat 150 zuwa 230 ce, ita kaɗai ta kusa nauyin wata laftof ɗin. In aka ɗauke wuta, yawancinsu suna rage ƙarfi da kansu a kan batir, kuma in ana aiki mai nauyi batirin ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Siririya mai cajin USB-C wat 45 ko 65 take nema, fawa bank mai PD (saurin caji ta USB-C) wat 65 yana cajinta, ƙaramar sola ma ta ishe ta. A hostel ɗin da soket ɗaya mutum takwas ke layi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni a wurin aiki na ga injiniyoyi da manyan laftof a rufe suna jiran a tada janareta, ni ina aiki.

Yaro Mai Gem: Wannan kam haka ne. Tawa in ba wuta, awa ɗaya da rabi ce.

Ɗan Kanikanci: Don Allah in shigo da tawa a nan, tunda maganar ɗaya ce. Ni injiniyan kanikanci nake karanta, SolidWorks na zanen sassan inji da ANSYS Fluent na lissafin kwararar iska da ruwa za mu yi. Ni ma siririyar ta ishe ni?

Malam Na Lissafi: Kai naka daban ne, kada ka ɗauki amsar Ummi ka tafi da ita. SolidWorks na Windows ne kaɗai, kuma juya ƙira mai sassa da yawa a allo yana jin daɗin katin hoto na gaske. Fluent kuma, saɓanin Simulink, yana raba aiki a kan ƙwayoyin furosesa, yana iya riƙe su duka a cike na awanni. A nan ne mai U zai gaji. Ƙananan sassa da aikin aji siririya mai RAM 16 za ta yi. ANSYS Student ma kyauta ne kuma yana da iyakar girman ragar da zai karɓa, wato yawan ƙananan gutsattsarin da ake yanka ƙira don lissafi, don haka ba zai bar ka ka kai inda kwamfutar za ta durƙushe gaba ɗaya ba. Amma in furojet ɗinka na kwararar iska ko ruwa ne mai raga babba, ka nemi mai H, ko ka yi abin da na fi so: ka shirya ƙirar a laftof, ka kai lissafin kan kwamfutar tebur ta ɗakin gwaji.

Mai Gyara: In ka samu ta hannu irin Dell Precision ko HP ZBook ko ThinkPad mai P, don wannan aikin aka yi su. Sai dai ka shirya wa nauyi.

Ɗan Kanikanci: Na gode. Kwamfutar tebur ɗin fa, dole sai ina zaune a gabanta?

Anti Injiniya: Ba dole ba. In tana da Windows Pro ka kunna Remote Desktop, ko ka sa AnyDesk, in Linux ce ka shiga ta SSH. Kana ɗakinka kana duba inda aikin ya kai. Sharaɗin shi ne can ɗin akwai wuta da intanet da ba sa yankewa, kuma ka nemi izinin mai kula da ɗakin. Ka sa aikin ya riƙa adana kansa lokaci-lokaci, Fluent yana da Autosave, don in wuta ta ɗauke a awa ta biyar kada ka koma farko.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida zaure daga Nijar. Abu biyu zan ƙara. Mu nan da yawan na hannu daga Faransa suke zuwa, allon maɓallansu AZERTY ne, kuma ina jin wasu suna tsallakawa wajenku. Ga mai rubuta lissafi wahala ce: bakan nan mai kusurwa da ake buɗe matiriks da shi sai ka haɗa da AltGr, lambobin sama kuma sai da Shift. Ummi ki duba layin farko na haruffa, in ya fara da A da Z, ki san abin da kika saya. Na biyu, ban ji an ambaci Scilab ba. Kyauta ne, asalinsa daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa, kuma yana da Xcos wanda ake jona tubala kamar Simulink. Ba shi da nauyi, ƙaramar kwamfuta tana ɗaukarsa.

Malam Na Lissafi: Madalla da wannan. Akwai kuma GNU Octave, wanda yawancin abin da aka rubuta don MATLAB yana gudana a cikinsa ba tare da an canza komai ba, sai dai ba shi da Simulink. Python da NumPy da SciPy ma suna nan. Amma Ummi, tunda malaminki Simulink ya ce, fayil ɗin Simulink zai nema, Xcos ba zai buɗe masa ba. Kada ki canza sai da yardarsa.

Baban Amira: To lasisin fa? Mu dai a zamaninmu a filashi ake yawo da shi.

Yaro Mai Gem: Har yanzu haka ne. Ummi in kin saya ki yi magana a tura miki.

Shugaban Zaure: Mai Gem, dokar zaure ta hana raba manhajar da aka fasa. Kada a sake, don Allah.

Anti Injiniya: Ban da dokar ma, haƙƙin mutane ne, kuma sau da yawa a cikin irin waɗannan fayilolin ake cusa abin da zai sace kalmomin sirrin mutum. Abu na farko da suke ce maka shi ne ka kashe antibairos, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Ummi, ki fara tambaya a sashenku ko jami'arku tana da lasisin da ya game ɗalibai duka, domin MathWorks suna da wannan tsarin, da imel ɗin makaranta ake shiga. In babu, akwai lasisin ɗalibai mai rangwame. Akwai kuma MATLAB Online da ake buɗewa a burauza, na kyautar yana ba da awa 20 a wata da GB 5 na ajiya. Lissafin a kan kwamfutocinsu ake yinsa, taki allo ce kawai.

Baban Amira: Anti, a ce mutum ya dogara da intanet ɗinmu ranar da zai miƙa aiki? Ga kuɗin data. Kuma rangwamen nan da dala ne.

Anti Injiniya: Ban ce ta dogara da shi ba, kuma ban raina tsadar ba, na san abin da dala take yi wa albashi. Cewa na yi ta bi ƙofofin halal ɗin tukuna. Da yawa ba su ma taɓa tambaya ba. Sannan ta duba ko tubalan lantarkin da take buƙata suna cikin na kyautar, don ba duka kayan aikin aka sa a ciki ba. In jami'a ce ta wajabta manhaja, ita ya kamata ta samar da ita ko ta karɓi aikin da aka yi da ta kyauta. Wannan magana ce da ƙungiyar ɗalibai ya kamata ta kai gaban shugaban sashe.

Malam Na Lissafi: Ina goyon bayan wannan, kuma mu malamai muna da namu alhakin. Kwasa-kwasan aji biyu da uku da yawa babu abin da zai hana a koyar da su da Octave ko Python.

Ɗan Kanikanci: Malam, wani abokina yana koyon na'ura, shi ma an ce sai mai NVIDIA.

Malam Na Lissafi: Don koyo, Google Colab ya ishe shi. Yana ba da katin hoto kyauta a burauza, sai dai ba kullum ake samu ba kuma zaman yana yankewa, don haka ya riƙa adana aikinsa a Drive. In ya kai matsayin da Colab ya yi masa kaɗan, lokacin ya san abin da zai saya da kansa.

Ummi Lantarki: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da Baba yanzu. Akwai biyu da wani abokinsa ya turo hotonsu: EliteBook 840 G5 mai i5-8350U, RAM 8, SSD 256, da kuma X1 Carbon mai i7 zubi na takwas, RAM 8, SSD 512. Ta biyun ta fi tsada kaɗan, kuma gaskiya ta fi burge ni.

Mai Gyara: Ta farkon, Hajiya. Bambancin kuɗin ki sayi RAM DDR4 na laftof mai GB 8 a sa a gurbi na biyu, kin tashi da 16. Akwai ƙarin riba ma: in guda biyu suna aiki tare, hoton da furosesan ke sarrafawa yana ƙara sauri, don daga RAM ɗin yake ɗiba. X1 ɗin da 8 za ta zauna har abada. In da mai 16 ce, da na ce ki ɗauka ido rufe.

Ummi Lantarki: SSD 256 ɗin ba zai yi kaɗan ba?

Mai Gyara: Zai kai ki in ba ki cika shi da finafinai ba. Wajen saka MATLAB kada ki zaɓi komai da komai, ki ɗauki Simulink da Simscape da Simscape Electrical da Control System Toolbox, sai abin da malaminki ya ƙara. Shi ma SSD ɗin ana canza shi daga baya, M.2 ne. Kafin a biya kuɗi a turo miki hoton takardar batirin, ki sako mana a nan mu gani.

Malam Na Lissafi: In ta iso kin saka MATLAB, ki jona caja, ki sa Windows a Best performance, ki rubuta bench ki danna Enter. Zai gwada kwamfutar ya jera ta da wasu. Ki maimaita sau uku a jere. In na ukun ya fi na farko jinkiri sosai, zafi ne, ki kai wa mai gyara ya duba fanka da man.

Ummi Lantarki: In sha Allahu. An ce gobe da safe za a turo hoton batirin.

Ɗan Kanikanci: Mai Gyara, ni kuma zan biyo ka ta akwati a kan maganar ZBook ɗin, akwai wadda aka nuna min mai katin Quadro.

Mai Gyara: Ka turo lambar furosesan da ta katin gaba ɗaya, da hoton ƙasanta inda iska ke shiga. Sai bayan azahar zan duba, da safe shago cike yake.